A Tare Shaye-shaye Tun Yana Ƙarami

Kowane manomi ya san ƙuduji, wanda waɗansu ke ce wa wuta-wuta. Kafin ya ɓullo ya yi fure, ya riga ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsar saiwar dawa. Wanda ya jira sai fure ya rufe gona, ya makara. Haka shaye-shaye yake. Ranar da aka ga saurayi yana tangaɗi a kasuwa, ko yana ta surutu shi kaɗai, ba ran nan abin ya soma ba. Ya daɗe yana ci a ɓoye, ba wanda ya tambaya.

A wannan karo muna so mu yi bayani a kan wani aiki da nas ko malamin asibitin ƙauye zai iya yi domin a gane abin tun da wuri. Aikin ba ya bukatar na'ura, ba ya cin kuɗi. Tambaya ce, da sauraro, da 'yar shawara ta minti goma. Muna rubutu domin ma'aikatan lafiya, da kwamitocin lafiya na ƙauyuka, da iyaye kuma, don idan aka yi wa wani tambayar a asibiti kada ya ɗauka cin mutunci ne.

Yaya girman abin yake?

An yi babban bincike a dukan jihohin Nijeriya, wanda aka fi sani da binciken 2018. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi shi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Aka tarar mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye cikin shekara guda. Wato mutum ɗaya ke nan cikin bakwai, ba a kuwa sa giya da taba cikin lissafin ba. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6. Masu haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwo irin su tramadol ba bisa umurnin likita ba, miliyan 4.6. Masu shan maganin tari don maye, miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce.

Kada mu ce abin birni ne. Ta hanyar aiki ya fi shigowa ƙauye. Ɗan ƙwadago yana haɗiyar tramadol da asuba don ya gama kunya da yawa kafin rana ta take. Haka mai haƙar ma'adinai, da ɗan dako, da ɗan acaba. Matar da damuwa ta hana ta barci tana sayen ƙwayar barci irin su diazepam wajen mai kemis. Yara suna shaƙar sholisho ko fetur. Akwai masu dafa zaƙami. A inda ake dafa burukutu, da wuya a yi gayya ba tulun giya, yanzu kuma ga ogogoro da goskolo waɗanda suka fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kama dillalai. Wannan aikinsu ne, yana kuwa da amfani. Amma kama dillali ba ya warkar da wanda ya riga ya fara sha.

Ga lissafin da ya fi muhimmanci a gare mu. Binciken ya nuna cikin masu sha biyar, ɗaya ne abin ya zame wa ciwo sosai. Sauran huɗun fa? Suna noma, suna cin kasuwa, suna zaune da iyalinsu. Su ne gonar da ƙudujinta bai yi fure ba tukuna. Su muke nema.

Don me a asibitin ƙauye?

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa suna nesa. Akwai na Barnawa a Kaduna, na Kware kusa da Sakkwato, na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Ba a kai mutum can sai abu ya ɓaci. Asibitin ƙauye kuwa kowa na zuwa: mai zazzaɓi, mai awon ciki, wanda fartanya ta sara. Nas ta san mutanen, ta san yarensu, za ta kuma sake ganinsu.

Sai dai ba wanda zai shigo ya ce, "Na zo ne don ina shan ƙwaya." Abin yakan zo da wata riga. Ga waɗansu:

1. Ciwon ciki ko ƙwannafi da ba ya ƙarewa, ko taurin bayan gida.
2. Rashin barci, faɗuwar gaba, rawar hannu da safe.
3. Faɗuwa da babur ko raunin faɗa a kai a kai.
4. Farfaɗiya ta fari ga saurayi ko babban mutum wanda bai taɓa yi ba.
5. Hawan jini da ya ƙi jin magani.
6. Mai zuwa kullum yana kiran sunan ƙwaya ko allurar da yake so.

Ba ɗaya cikin waɗannan da ke tabbatar da shaye-shaye. Kowanne yana da waɗansu dalilai. Alama ce kawai cewa a yi tambaya.

Awo da baki

Mun saba da awo. Ana ɗora yara a sikeli kowane wata, ba don sun yi laifi ba. Ana auna jinin mai ciki, ba don ana zarginta ba. To, wannan ma awo ne, sai dai da baki ake yinsa. Yana da dokoki huɗu.

Na fari, a tambayi kowa. Idan nas ta zaɓi samari masu jan ido kaɗai, za ta tsallake dattijo mai farin gemu da matar aure mai lulluɓi. Wanda aka ware kuma zai ji an tozarta shi. Amma idan kowa ya san haka ake yi, kunya ta ragu.

Na biyu, a keɓe. Ba a yi wa mace wannan tambaya gaban mijinta, ko yaro gaban ubansa, ko kowa gaban masu jiran layi.

Na uku, a rufa asiri. Abin da aka faɗa a ɗakin magani kada a ji shi a bakin rijiya. Idan asirin mutum ɗaya ya tonu, ba wanda zai ƙara faɗin gaskiya a wannan asibiti. Ba a buɗe maganar ga wani sai inda rai ke cikin haɗari.

Na huɗu, ba zargi. Kada a ce "mashayi" ko "ɗan ƙwaya". Kada a ce, "Ai kai ba ka sha, ko?" Wannan tambaya ta riga ta ba mutum amsa. Gara a ce, "Mutane da yawa suna shan wani abu don aiki ko don barci. Kai me kakan sha?"

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya takardun tambaya guda biyu domin wannan aiki. Ta fari, mai suna AUDIT, ta fito a 1989. Tambayoyi goma ne a kan giya kaɗai, maki daga 0 zuwa 40. Wanda ya sami 8 ko fiye, shansa ya shiga haɗari. Ma'aunin da ake lissafi da shi giram 10 ne na zallar sinadarin maye. Babbar kwalbar giya tana da kusan ma'auni biyu da rabi. Ma'auni shida a zama ɗaya, wato wajen kwalba biyu da rabi, sha ne mai yawa. Burukutu ba shi da ƙarfi iri ɗaya, don haka sai nas ta tambayi ƙwarya nawa, kwana nawa a mako, kuɗi nawa.

Ta biyu, mai suna ASSIST, ta haɗa taba, giya, wiwi, ƙwayoyi da abubuwan shaƙa. Tambayoyi takwas ne, ana gamawa cikin minti biyar zuwa goma. Ga ma'anarsu:

1. Me ka taɓa sha a rayuwarka?
2. Cikin wata uku da suka wuce, sau nawa ka sha?
3. Sau nawa ka ji matsananciyar sha'awarsa?
4. Ya jawo maka ciwo, rigima, bashi ko shari'a?
5. Ya hana ka yin aikin da ke kanka?
6. Wani naka ya taɓa nuna damuwa a kai?
7. Ka taɓa ƙoƙarin ragewa ko bari, ka kasa?
8. Ka taɓa sa wa kanka abin maye ta allura?

Asibitin da ba shi da takardar yana iya nemanta ta wurin ofishin lafiya na ƙaramar hukuma. Kafin ta zo, a rubuta tambayoyin nan a bangon littafin rajista, a soma da su.

Kashi uku

Amsoshin suna raba mutane kashi uku, kowane kashi da abin da ya dace da shi.

Kashi na fari ba sa sha, ko haɗarinsu kaɗan ne. A yaba musu, a gaya musu gaskiya game da ƙwayoyin da ake talla a kasuwa, su tafi.

Kashi na biyu suna tsakiya. Sha ya fara taɓa lafiyarsu ko aljihunsu, amma bai mallake su ba. A lissafin ASSIST maki 4 zuwa 26 ke nan ga ƙwayoyi, 11 zuwa 26 ga giya. Waɗannan su ake yi wa gajeriyar shawara nan take.

Kashi na uku, masu maki 27 zuwa sama, abin ya bi jikinsu. Shawara kaɗai ba ta isa ba. Suna bukatar likita.

Gajeriyar shawara

Ba wa'azi ba ne, ba faɗa ba ne. Bari mu ce wani saurayi manomi ya zo ɗaurin rauni, amsoshinsa suka sa shi a kashi na biyu. Ga yadda maganar za ta iya tafiya.

"Ƙanena, ka yarda in gaya maka abin da amsoshinka suka nuna?"

"Na yarda, Malama."

"Shan tramadol ɗinka ya fara shiga haɗari. Amma tukuna, me kake samu a cikinta?"

"Ƙarfi, Malama. In na sha, sai in yi aikin mutum biyu."

"To, me ba ka so a cikinta?"

"Kuɗi. Da ɗaya nake sha, yanzu sai biyu. In ta sake ni kuma, gajiyar ta fi ta da."

"Irin wadda kake saye mai lamba 225 ce. Wadda hukuma ta yarda da ita mai 50 ce ko 100. Ko mai ciwo sosai, likita ba ya bari ya wuce 400 a yini. Biyu naka 450 ke nan. Wannan yana iya kawo farfaɗiya, a kan babur ko a bakin rijiya. Ba ƙarfi take ƙara maka ba, gajiyar take ɓoyewa, jiki kuwa yana ta cin bashi. Shawarata ita ce ka rabu da ita. Amma kai ne mai yanke magana. Me kake gani za ka iya?"

"Zan koma ɗaya, daga nan in ga yadda zan bari. Zan kuma daina zama inda ake sayarwa."

"Madalla, za ka iya. Ka ci abinci kafin ka fita gona, ka tafi da ruwa. Bayan mako biyu ka dawo in duba raunin, mu ji yadda ake ciki."

Mu lura da abin da nas ta yi. Ta nemi izini. Ta bar shi ya faɗi daɗin abin da ɓacinsa da bakinsa, gama mutum ya fi gaskata abin da ya ji daga bakin kansa. Ta faɗi gaskiya a fili, ba ta tsoratar da shi da ƙarya ba. Ta bar masa zaɓi. Ta sa ranar dawowa. Da a ce ya ƙi, ba za ta yi gardama ba. Sai ta ce, "Ƙofa a buɗe take," ta sake tambaya in ya dawo.

Wannan 'yar magana tana aiki kuwa? A 2018 masana suka tattara gwaje-gwaje 69 da aka yi a kan masu shan giya. Bayan shekara ɗaya, waɗanda aka yi wa shawara sun rage wajen giram 20 a mako fiye da waɗanda ba a yi wa ba, wato kusan babbar kwalba ɗaya. An kuma ga doguwar shawara ba ta fi gajeriya da wani abin kirki ba. Ragin ba shi da yawa ga mutum ɗaya, amma idan aka tara na gari duka, da yawa ne. Wajen ƙwayoyi, shawarar ta yi aiki a waɗansu gwaje-gwaje, a waɗansu kuwa kaɗan ta yi. Shi ya sa ranar dawowa take da muhimmanci. Ba a sare itace da sara ɗaya.

Wanda abin ya bi jikinsa

A nan sai an yi hankali, domin kyakkyawar niyya tana iya kisa. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, kada a sa shi ya bari rana ɗaya a gida. Awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, rawar jiki da gumi da amai sukan soma. A kwana na biyu ko na uku yana iya ruɗewa, ya riƙa ganin abin da babu, ko farfaɗiya ta buge shi. Wannan yana kai ga mutuwa in ba a asibiti ba. Haka nan wanda ya saba da diazepam, likita ne zai riƙa rage masa a hankali.

Mai barin tramadol ko kodin yakan sha wahala da hamma, majina, zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Yawanci yakan yi sauƙi cikin mako guda ko sama da haka kaɗan. A gaya masa tun kafin, don kada ya ɗauka mutuwa zai yi. A gargaɗe shi kuma: bayan ya bari, jikinsa ba zai ɗauki yawan da ya saba ba. In ya koma ya sha kamar da, yana iya rasa ransa.

Idan aka tarar da mutum ya ƙi farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta tsuke, kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Kada a ɗura masa madara ko manja, za su shaƙe shi. A kwantar da shi a gefensa, a kai shi asibiti da sauri. Akwai allura mai suna naloxone wadda ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi. Haɗa tramadol ko kodin da giya ko ƙwayar barci shi ya fi kawo wannan.

Turawa babban asibiti ba sallama ba ce. Nas ta rubuta takarda, ta nemi ɗan'uwa mai rakiya da yardar mai ciwon, ta kuma neme shi in ya dawo. Ta tambaye shi game da baƙin ciki, da ko ya taɓa tunanin kashe kansa, gama sau da yawa shaye-shaye da ciwon damuwa tare suke tafiya. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shiri mai suna mhGAP, na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci kula da irin waɗannan cututtuka. Wanda ya sami zarafin wannan horo kada ya bari ya wuce shi.

Iyaye da yawa, don rasa abin yi, sukan kai 'ya'yansu gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma kare mutuncin masu irin wannan ciwo. Mari da bulala ba magani ba ne. Wanda ya bari ya sake komawa kuma, ba a ce shi ke nan. Kamar mai hawan jini ne da jininsa ya sake hawa. Sai a koma magani.

Mata da matasa

Ranar awon ciki rana ce mai kyau ta yin tambaya. Giya tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan da ke ciki, tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa har iyakar ransa. Babu wani ɗan ma'aunin giya da aka tabbatar ba ya cutar da ciki. Waɗansu suna cewa burukutu na ƙara nono. Ba haka ba ne. Giyar ce ke shiga nonon ta isa ga jariri. Mai cikin da ta riga ta saba da tramadol ko kodin kuwa, kada ta bari farat ɗaya, a tura ta ga likita. Mata sun fi ɓoyewa, domin an fi yi musu gori. Sai an tambaye su da taushin murya.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Wanda ya fara sha da ƙuruciya ya fi saurin kamuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kula kuma da masu ciwon sikila, waɗanda zafin ciwo kan sa su saba da allurar pentazocine. Ba ƙarya suke yi game da ciwon ba. Suna bukatar a kula da ciwon da sabon duka biyu.

Aikin gida da gari

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da kwamitin lafiya, da mai unguwa, da shugabannin addini, da ƙungiyoyin mata da na matasa za su iya yi:

1. A sama wa asibiti ɗaki ko labule inda za a yi magana ba mai ji.
2. A sanar a taron gari cewa kowa za a riƙa tambaya, don kada a ga baƙon abu.
3. A ajiye ɗan kuɗin mota domin waɗanda aka tura babban asibiti.
4. A zauna da masu kemis da masu tallan magani, a roƙe su kada su sayar da waɗannan ƙwayoyi ba takardar likita.
5. Mai ɗaukar 'yan ƙwadago ya ba su abinci da ruwa da hutu. Kada ya saya musu ƙwaya.
6. Wanda ya dawo daga jiyya a ba shi aiki, a ci abinci da shi, a daina kiransa da tsohon suna.

A gida kuma, uba ko uwa da suka ga canji, kamar ɓatan kuɗi, ko sababbin abokai, ko barcin rana, kada su fara da sanda. Su zaɓi lokacin da yaron yake cikin hankalinsa, su faɗi abin da suka gani, su saurara, sa'an nan su ce, "Zo mu je wurin Malama tare."

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwan maye ake samu a ƙauyenmu, a ina ake sayar da su?
2. Me ke sa samarinmu da matanmu su fara sha?
3. Akwai wurin da mutum zai faɗi asirinsa a asibitinmu ba a ji ba? In babu, wa zai gyara, yaushe?
4. Yaya muke karɓar wanda ya bari?

Ku karanta wannan a taronku na gaba, ku gayyaci nas ko malamin asibitinku ya zauna tare da ku. Ku aiko mana da abin da kuka shirya, domin waɗansu ƙauyuka su koya daga gare ku.